Patrick Swayze: ɗan rawa ne da ya iya faɗa, ko ɗan faɗa ne da ya iya rawa?

Abban Sumayya

Assalamu alaikum. A zaren jaruman finafinan faɗa da aka yi makon jiya, na ga an jera Stallone da Chuck Norris da Van Damme, sannan aka liƙa sunan Patrick Swayze daga can ƙasa saboda Road House. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na buɗe masa nasa zaren. Mutumin nan ba a layin 'yan faɗa ya kamata a neme shi ba. Ɗan rawa ne tun daga tushe, kuma duk abin da ya burge mu a tare da shi, har faɗan, daga rawar ya samo shi.

An haife shi ran 18 ga Agusta, 1952, a birnin Houston na jihar Texas. Mahaifinsa Jesse zanen aikin injiniya yake yi, mahaifiyarsa Patsy kuma makarantar koyar da rawa gare ta. Ita ce ma ta tsara raye-rayen Urban Cowboy, fim ɗin John Travolta na 1980. A hannunta ya koyi rawar bale, wata rawar dandamali ta Turawa, tun yana ƙarami. Ku duba fa, Texas ce, ƙasar makiyayan shanu da ƙwallon Amurka, ga yaro namiji yana yawo da takalmin rawa. Shi da bakinsa ya ba da labarin tsokana da dukan da ya sha wurin 'yan makarantarsu. Bai bar rawar ba, sai ma ya haɗa da ƙwallo da wasan tsalle-tsalle da koyon faɗa. A filin ƙwallon ne gwiwarsa ta lalace yana sakandare, har sai da aka yi masa aiki.

Da wannan gwiwar ya tafi New York a 1972, ya yi karatun rawa a makarantun Harkness da Joffrey, har ya samu shiga ƙungiyar rawa ta Eliot Feld, wadda ba kowa take ɗauka ba. Gwiwar ce dai ta tare masa hanya. Sai ya koma wasan dandamali, ya riƙe babban matsayi a Grease, a 1979 kuma ya fara fitowa a fim yana ɗan shekara 27. Wato ya kwashe kusan shekara 20 yana horar da jikinsa kafin kyamara ta san da shi. Ina son jin ta bakinku, musamman manyanmu da suka kalle shi a zamaninsa.

Kawu Bala

Wa alaikumus salam. Abban Sumayya, ɗana, mu da muka gan shi a kaset a gidajen kallo ba mu san wani zancen bale ba. Abin da muka sani, siririn Bature ne mai gashi har wuya, an ɗauke shi aikin tsaron mashaya, ba ya ɗaga murya sai an kai shi bango. Ba shi da ƙirar su Rambo, amma in ya juya ƙafa sai ka ga ƙato a ƙasa. Kuma kada ka rage masa faɗansa. Benny Urquidez ne ya horar da shi a fim ɗin, shi kuwa zakara ne na gaske a damben hannu da ƙafa, wanda suka gwabza da Jackie Chan a fim har sau biyu. Irin wannan ba ya ɓata lokacinsa a kan wanda bai iya ba. Ni a layin 'yan faɗa na san shi, can zan bar shi.

Abban Sumayya

Allah ya ƙara girma, Kawu. Ai maganarku ce ke ƙarfafa tawa. Me ya sa siriri yake kayar da ƙato kuma ido ya yarda? Don ƙafarsa ta san inda za ta sauka tun kafin ta tashi. Ku tuna ɗan dambe idan makaɗa suka ɗauki takensa: tun ba a haɗu ba, daga takunsa kaɗai za ka gane wanda jikinsa ke jin kiɗa. Faɗan fim lissafi ne, a kai naushi, a kauce, a juya, kowane motsi da lokacinsa. Wanda ya saba haddace doguwar rawa bai kuskure taku ɗaya ba, wannan ba zai ba shi wuya ba.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga manya. Yaya Abban Sumayya, ka cire shi daga layin su Van Damme saboda rawa, alhali Van Damme ɗin ma ya yi bale a ƙasarsu Beljiyam wajen shekara 5, tun yana ɗan 16. Bruce Lee kuma ya taɓa cin gasar rawar cha-cha a Hong Kong a 1958. In rawa ce ke fitar da mutum daga layin, ai sai layin ya watse.

Abban Sumayya

Madalla da wannan, ƙanena. Amma akwai bambanci. Su sun ɗauki rawa ne don ta taimaki faɗansu. Shi kuwa rawar ce sana'arsa, da ita yake cin abinci, da ita ya yi niyyar tsufa. Da gwiwar ta bar shi, mai yiwuwa da ba mu taɓa ganinsa a kaset ba.

Malam Isa

Tambaya gare ni, kuma ba don in ɓata wa kowa hira ba. Fim ɗin da ya ɗaga mutumin nan, Dirty Dancing, rawa ce ta mace da namiji jiki na gogar jiki. Mu nan kullum muna kuka da rawa da waƙa a finafinanmu na Hausa, waɗanda ko hannu ba a riƙewa. To da wane baki za mu zauna muna yabon wannan? Ku tuna akwai yara a zauren nan.

Maman Haidar

Allah gafarta Malam, gaskiyarku. Ba fim ne da zan kunna a falo ina tare da 'ya'yana ba, kuma ba wanda ya ce a kwaikwaya. Sai dai wanda ya kalla ya san labarin ya wuce rawar. An gina shi a kan shekarar 1963, a wani wurin hutu na masu hali a tsaunukan Catskill. Swayze ya fito a talaka mai koyar da rawa, matan masu kuɗi na neman saye shi da abin hannunsu, in kuma abu ya ɓace shi ake fara zargi. Sannan ga abokiyar rawarsa da ta yi ciki, ta faɗa hannun wani mai zubar da ciki a ɓoye, ya kusa halaka ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ga irin yaran nan ana shigowa da su da tsakar dare, zani ya jiƙe da jini, uwar na gefe hannunta na rawa tana cewa a rufa musu asiri. Wannan wurin ne ya tsaya mini a rai, ba ɗagawar nan ta ƙarshen fim, inda ya ɗaga jarumar sama, da ake ta yaɗawa a intanet ba.

Malam Isa

Na ji, Hajiya. Ra'ayina a kan rawar yana nan yadda yake. Amma in tarihin mutum ake yi da sanin yadda sana'arsu take, ba zan hana ba. A dai taimaka kada a ɗora bidiyon a nan.

Mai Koroso

In an ba ni dama, zan yi magana a kan ɗagawar da Anti Maman Haidar ta ambata, don wannan ɓangarena ne. Na daɗe ina rawar koroso, kuma a ƙungiyarmu ni ne mai ɗaukar abokin rawa. Masu kallo suna zaton ƙarfin hannu ne. Ba hannu ba ne. Nauyin daga tafin ƙafa yake tasowa, ya bi gwiwa, ya bi ƙugu, hannu tallafi kawai yake yi. Kuma dole ka karɓi mutum daidai lokacin da tsallensa ya kai ƙarshe. In ka riga shi, ko ka makara da ƙiftawar ido, nauyinsa sai ya ninka a kanka, kuma gwiwa ce ke biya. Ana saukewa kana murmushi ga jama'a, a ciki kuwa kai kaɗai ka san abin da kake ji.

Yanzu ku ɗora wannan a kan mutumin da gwiwarsa ta riga ta lalace, yana ɗan shekara 34 lokacin ɗaukar fim ɗin a 1986. Akwai wurin da suke rawa a kan gungumen icce da aka gicciya a kan rafi. Ya ƙi yarda wani ya tsaya masa, ya yi ta faɗowa har gwiwar ta kumbura, sai da aka zuƙe mata ruwa. Wurin da suke gwajin ɗagawa a cikin tafki kuwa a watan Oktoba aka ɗauka, ruwan ya yi sanyi ƙwarai. Ita jarumar fim ɗin, Jennifer Grey, ta faɗa da bakinta cewa tsoron ɗagawar ƙarshen take yi, ta ƙi yin gwaji, sai ranar ɗauka ta yi. Ku san abin da wannan yake nufi a wurin mai ɗagawa: ba ka san nauyin tsallenta ba, ba ka san ko za ta tsorata a sama ta lanƙwashe ba, kuma dole ka riƙe ta cak. Wanda ya yi wannan, ni na sara masa.

Abban Sumayya

Allah ya biya ka, Mai Koroso. Kuma fim ne da ba a ɗauke shi bakin komai ba. Kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 10 ba, ba wani babban tauraro a ciki. Da ya fito a watan Agustan 1987 sai ya tara sama da dala miliyan 200, ya kuma zama fim na farko da aka sayar da kaset ɗinsa sama da miliyan ɗaya. Har waƙar da Swayze ya rera da kansa a ciki sai da ta kai mataki na 3 a jerin waƙoƙin Amurka.

Mai Sharhi

Na bar ku kun gama yabo, yanzu bari in faɗi tawa. Ban musa cewa ya iya jikinsa ba. Amma wasan kwaikwayo ba jiki kaɗai ba ne. Oscar ko sau ɗaya ba a sa sunansa a takara ba. Golden Globe sau 3 ya shiga, bai ci ko ɗaya ba. Road House ɗin da Kawu yake so, saboda shi aka sa sunansa a takarar lambar da ake ba wanda ya fi kowa munin wasa. Zamaninsa gajere ne, daga 1987 zuwa 1991. Bayan nan wane fim ya yi da ya girgiza kasuwa? In ka cire rawa da faɗa da kyan fuska, abin da ya rage matsakaicin ɗan wasa ne. Ba aibu ba ne, amma a faɗi gaskiya.

Zinariya

Haba Yaya Mai Sharhi, ka tsallake Ghost, inda ya fito a mutumin da aka kashe ya zama fatalwa, kamar bai faru ba. Ba fim ɗin rawa ba ne, faɗan ma ɗan kaɗan ne. Shi ne fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a duniya a 1990, sama da dala miliyan 500. Daraktan, Jerry Zucker, da farko bai so shi ba, saboda ya kalli Road House ya yi masa irin hukuncin da ka yi masa yanzu. Sai da Swayze ya zo ya karanta wasan a gabansu sannan ya sauka daga ra'ayinsa. Zancen fatalwa aƙidarsu ce, ba tamu ba, amma baƙin cikin mutumin da yake ganin wadda yake so tana kuka bai da ikon taɓa ta, wannan kowa ya gane shi.

Kuma akwai halin kirki a ciki da nake so a sani. Whoopi Goldberg ta sha faɗa cewa shi ne ya tsaya kai da fata sai an ba ta matsayin matar da ke jin muryar fatalwar. Da shi ta ci Oscar, ta zama baƙar mace ta biyu da ta ci lambar a fannin wasa, bayan Hattie McDaniel da ta ci tun 1940. Rabin ƙarni ke nan a tsakani.

Mai Sharhi

To ai kin faɗa da kanki, ƙanwata. Wa ya ci lambar? Whoopi. Ita ce ta ɗauki fim ɗin a kanta. A cire ta a gani ko za a iya kallonsa har ƙarshe.

Abban Sumayya

Mai Sharhi, a nan ne muka rabu. Kai kana neman wasa a fuska da murya, ni ina ganinsa a jiki duka. Ka sake kallon Ghost ka lura. Kusan duk fim ɗin yana cikin ɗaki da mutanen da bai kamata su gan shi ba, su ji shi ba. Dole ya san inda zai tsaya, yadda zai kauce wa mai wucewa, yadda zai miƙa hannu ya tsayar da shi gab da kafaɗar mutum. Ka tuna inda yake tura kwabo da ɗan yatsa, yana hawa da shi a jikin ƙofa a hankali don ya tabbatar wa masoyiyarsa yana nan. Ka dubi kafaɗarsa da numfashinsa a wurin, za ka rantse wani abu mai nauyi yake ɗagawa. Wannan horon ɗan rawa ne. Wani ɗan wasan zai yi ta murtuke fuska, shi kuwa jikinsa ne ya yi maganar.

Zinariya

Ga kuma wanda masoya finafinan Indiya ya kamata su sani. A 1992 ya yi City of Joy a birnin Kalkata, tare da Om Puri da Shabana Azmi. Shi ya fito a likitan da ya gudu daga aikinsa bayan wata yarinya ta mutu a hannunsa, Om Puri kuma manomi ne da ya shigo birni da iyalinsa ya koma jan keken ɗaukar mutane. An sha rigima wajen ɗaukarsa, mutanen gari suna zanga-zanga cewa an zo ana tallar talaucinsu. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Amma ka duba lokacin da ya zaɓe shi: yana kan ganiyarsa, bayan Ghost da Point Break, lokacin da zai iya karɓar kowane fim na kuɗi. Wanda kyan fuska kawai yake sayarwa ba ya tafiya unguwar talakawa a Indiya.

Kawu Bala

Om Puri dai namu? To wannan zan nema, 'yata. Duk wanda ya tsaya gaban Om Puri bai ɓace ba, ya iya wasa. Wanda ban so ba shi ne na 1995 da suka yi shigar mata shi da Wesley Snipes. Ban kalla ba, kuma ba zan kalla ba.

Mai Dawaki

Ni ta hanyar dawaki na san shi. Shi da matarsa suna kiwon dawakin Larabawa jinsin Masar, suna da gona a Kalifoniya da wata a New Mexico. Ingarmansu da ya fi suna shi ne Tammen. Duk wanda ya kalli North and South, shirin talabijin na 1985 a kan yaƙin basasar Amurka, ya ga zamansa a kan sirdi ya san ba ranar ya fara ba. Bayansa a miƙe, hannunsa a sake, ba ya rataya a jikin linzami.

Amma ina da ja a kan wannan ɗabi'ar tasa ta ƙin yarda a tsaya masa a wurin haɗari. A Point Break ya riƙa dirowa da lema daga jirgin sama da kansa. A 1997 kuma, wajen ɗaukar wani fim a Kalifoniya, ya faɗo daga kan doki ya bugi bishiya, ƙafafunsa biyu suka karye, jijiyoyin kafaɗarsa suka tsinke. Ɗan rawa fa, wanda ƙafa ce jarinsa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, ana biyansu don su ɗauki wannan kasadar, kuma sun fi shi sanin yadda ake faɗuwa. Ni ban kira wannan jarumta ba.

Maman Haidar

Mai Dawaki ya taɓo inda nake son zuwa. Abban Sumayya, kana cewa rawa ce ta ba shi komai. Na yarda. Amma ita ce kuma ta koya masa kada ya saurari jikinsa, kuma a gida aka fara. A wani shirin tarihinsa da aka fitar a 2019, matarsa Lisa ta faɗa cewa mahaifiyarsa tana da zafi ƙwarai a kansa, har da duka, ba ta karɓar komai sai cikakke. Yaron da ya tashi a haka yakan girma yana jin bai isa ba, ko da duniya duka na tafa masa. Mahaifinsa ya rasu a 1982 da bugun zuciya, daga nan ya faɗa shan giya sosai. A 1994 yayarsa Vicky ta rasu. Sai da ya kwanta a gidan gyaran masu shaye-shaye. Wannan mutumin da muke gani a tsaye ƙyam, a ciki yana ɗauke da kaya.

Kawu Bala

Hajiya, a yi wa uwa adalci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ta bar shi ya yi yadda yake so, da yau ba ma zancensa. Mu ma da bulala muka tashi.

Maman Haidar

Kawu, ban ce kada a hori yaro ba, kuma ban zagi matar ba. Tana da nata alherin. A lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Houston ta karɓi baƙaƙen yara a makarantarta, ciki har da Debbie Allen, wadda ta zama babbar 'yar rawa kuma har yau tana ambatonta da alheri. Shi ma ɗan nata sun daidaita daga baya. Abin da nake cewa, horo daban, sa wa yaro jin cewa sai ya yi fice za a so shi daban. Na biyun ba ya barin mutum ko ya yi furfura.

Zinariya

Ni matar tasa ce take burge ni. Ɗalibar mahaifiyarsa ce, a makarantar rawar suka haɗu. Sun yi aure a 1975 ba su da komai, har aikin kafinta suka yi tare don su biya haya. Shekara 34 suna tare, a wurin da aure ba ya daɗewa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ta taɓa barin gidan na wani lokaci saboda shan nasa, sannan ta dawo. A 2003 ta ba da umarnin fim a kan 'yan rawan da shekaru suka fara cim musu, suka fito tare a ciki. Bai yi suna ba, amma ina jin shi ne ya fi kusa da ainihin rayuwarsu.

Ɗan Maraɗi

Anti Maman Haidar, wace cuta ce ta yi ajalinsa? Na ga hotunansa na ƙarshe, da ƙyar na gane shi.

Maman Haidar

Ciwon daji ne na fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ke samar da insulin da ruwan narka abinci. Mugun abin da ke tattare da shi, ba ya nuna kansa da wuri. Kafin mutum ya ga idonsa ya yi rawaya, ya fara rama da ciwon ciki, galibi ya riga ya bazu. Haka nasa ya kasance. A watan Janairun 2008 aka gano, ya riga ya kai mataki na 4, ya taɓa hanta. Da yawa a wannan matakin 'yan watanni suke yi. Shi ya yi wata 20. Ya rasu ran 14 ga Satumba, 2009, yana da shekara 57, daidai shekarun da mahaifinsa ya rasu. Mai shan taba ne sosai, kuma a hirarsa da Barbara Walters a farkon 2009 bai ɓoye ba cewa mai yiwuwa tabar na da hannu.

Abban Sumayya

A cikin waɗannan watannin ne ya yi abin da ya fi komai girma a idona. Ya karɓi shiri mai dogon zango, The Beast, inda ya fito a jami'in FBI, aka ɗauki kashi 13 a Shikago. Yana aiki wajen awa 12 a rana, ƙarshen mako kuma a yi masa ƙarin maganin daji. Ya ƙi shan maganin kashe zafi a lokacin aiki, don ya ce yana dusashe masa tunani. Bai tsaya nan ba, ya fito a taron tara kuɗin yaƙi da cutar, ya kuma rubuta wa majalisar Amurka kira a jarida cewa a ƙara kuɗin bincike. Wannan shi ne yaron nan da aka koya wa cewa in an buga kiɗa ana fita fili, ko ƙafa na ciwo.

Maman Haidar

A nan kam ba na tare da kai, Abban Sumayya. Ban raina ƙoƙarinsa ba, zaɓinsa ne kuma jikinsa ne. Amma ina tsoron yadda ake yaɗa labarin. Na ga majinyata suna cije leɓe, gumi na keto musu, an kawo allura suna cewa a bari za su daure, don kada 'yan uwa su ce sun karaya. Na ga ɗan da ya hana a yi wa mahaifinsa allurar wai za ta gaggauta masa tafiya. Zafin wannan cutar ba irin wanda ake gwada mazantaka da shi ba ne. Shi ma Swayze a wurin aiki ne kawai ya ƙi sha, kuma yana da manyan likitocin asibitin jami'ar Stanford a bayansa. Kada wani ya ɗauki rabin labarin ya kai wa mara lafiyarsa.

Malam Isa

Hajiya ta yi daidai a nan. Neman magani ba ya kore haƙuri, kuma ba ya rage wa mutum tawakkali. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Mai Koroso

Amin, Malam. Anti, na fahimce ki, kuma ba zan ba majinyaci wannan shawarar ba. Amma na gane dalilinsa. Na taɓa shan magani mai ƙarfi saboda ciwon baya na fita fili. Zafin ya tafi, amma kiɗan sai ya zama yana zuwa mini daga nesa, ƙafata na makara, abokin rawata ya lura tun a zagayen farko. Mutumin da duk rayuwarsa a kan kiyaye lokaci take, in ka ɗauke masa wannan ka ɗauke masa aikin. Ina jin ya auna ne ya ga gara zafin.

Mai Sharhi

Na kalli The Beast. Matsayata a kan finafinansa na baya tana nan, amma wannan daban ne. Ramar ta ɗauke kyan fuskar, muryar ta dushe, ba rawa ba tsalle, kuma a nan ne na fi yarda da shi a matsayin ɗan wasa. Tashar talabijin ta A&E ta dakatar da shirin a watan Yunin 2009, bayan zango ɗaya. Wani wurin da ya ba ni mamaki shi ne Donnie Darko na 2001, inda ya fito a mai wa'azin gyara hali, fuska fes, baki da zaƙi, ashe mugu ne na ƙarshe. Ƙaramin matsayi ne, amma ya yi amfani da wannan murmushin da aka san shi da shi ya tsorata mai kallo. Da ya samu irin waɗannan tun a shekarun 1990, da muhawarar nan ta sauya. Abban Sumayya, in ka kalle shi ka zo ka nuna mini inda rawa take a ciki, ina jira.